Aji Huɗu Ya Sami Malami

"Riƙe shi da kyau, Mudassir! Sa hannunka ta ƙarƙashin hammatarsa. Kada ka bari ƙafar nan ta taɓa salansa."

Malam Naziru, hedimastan firamaren Tudun Kanya, shi ke tuƙa babur ɗin. A tsakiya an dasa Malam Khalilu, kansa ya langaɓe a kafaɗar hedimasta, yawu na bin gefen bakinsa. A baya kuma ɗansa na fari ne, Mudassir, wanda aka kirawo daga gona ƙafafunsa duk taɓo, ya rungume uban. Hanyar Tsanyawa a tsakiyar damina ɗan siririn burtali ne tsakanin gero da dawa, ganye na marin fuska, ga kududdufai nan da can.

A cikin aji huɗu abin ya sami Malam Khalilu. Ya juya zai yi rubutu a allo, alli ya suɓuce, shi kuma ya sulale ya zauna a jikin bango. Yaran, waɗanda suka cika ajin har bakin ƙofa, suka ɗauka hutawa yake yi, suka ci gaba da hayaniyarsu. Sai da wata yarinya ta lura bakinsa ya karkace sannan aka ruga ofis.

"Malam Khalilu, kana ji na? Ba komai, jiri ne kawai. Ni ma ya taɓa yi mini a kasuwa, har na zauna a kan tumatirin wani. Yanzu za su yi maka allura ka miƙe."

Har suka isa asibiti bakin Malam Naziru bai huta ba. 

Katanga ɗaya ta raba gidan Malam Naziru da na Malam Khalilu, ita ma ta ƙasa ce, gajera, har matansu kan miƙa wa juna gishiri da daddawa ta samanta. Shekara ɗaya aka ɗauke su aiki, kusan shekara talatin ke nan, makaranta ɗaya, albashi kusan ɗaya, wahala ɗaya. Amma hali zanen dutse. Malam Naziru irin mutanen nan ne da ko makabarta suka shiga sai sun sami wanda za su yi hira da shi. Hayaniyar yara abinci ce a wurinsa. In albashi ya makara, ya yi dariya ya ce gwamnati adashi take yi masa. Da iska ta yaye kwanon aji uku, kwasar yaran ya yi zuwa gindin darbejiya, ya ce yau Allah ya kunna musu fanka. In an yi dogon hutu har ramewa yake yi, ya rasa inda zai sa kansa, ya dinga bin majalisu yana damun tsofaffi da labari.

Malam Khalilu kuwa dogo ne siriri, magana sai ta kama. Bai taɓa makara ba, bai taɓa kai wa yaro bulala ba, bai taɓa neman a canza masa wuri ba. Duk garin an san shi da haƙuri. In an turo sabon malami mai rawar kai, Malam Naziru kan ja shi gefe ya nuna masa aji huɗu ya ce, "Ka ga wancan? Shi ya ɗauki koyarwa ibada. Ka yi koyi da shi." Da gaske yake faɗa, kuma yana ƙaunar mutumin har zuciya.

Likita ya ce hawan jini ne, ya shanye ɓarin dama. Bayan 'yan kwanaki aka ce a koma gida a ci gaba da shan magani, kuma duk mai hankali ya san fassarar wannan magana.

Malam Naziru ba mutum ne da zai zauna ya rafka tagumi ba. Tun maƙwabcin nasa na kwance a asibiti ya yi lissafin gidan: ga Larai, matar Malam Khalilu, ga ƙannen Mudassir rututu, mafi yawansu mata, ga gona 'yar falle ɗaya wadda aka yanka aka sake yankawa wajen rabon gado, har ta zama in ka tsaya a wannan iyaka za ka iya miƙa wa na waccan iyakar goro. A wannan yanki babu daji da za a sara a ƙara, gona na jingine da gona har inda ido ya ƙare. Shi kuwa Mudassir yana da takardar malanta, domin Malam Naziru da kansa ya nemo masa gurbi a kwalejin horar da malamai, ya gama bara waccan, yana zaune yana noma. Sai hedimasta ya sa babbar riga, ya tafi ofishin ilimi wurin Alhaji Sha'aban, wani babba a can wanda suka yi makaranta tare. Ya yi magana, ya yi roƙo, ya ba da dariya, ya kusa ba da kuka. Alhaji Sha'aban ya ce zai duba.

Ranar da aka dawo da majinyacin gida, bayan la'asar, ya shiga da albishir ɗinsa. An shimfiɗa wa Malam Khalilu katifa a ƙasa kusa da ƙofa don ya sha iska. Ɗakin na warin man zafi, ga kwanon kunu da cokali a ciki an sha kaɗan an bari. Larai ta gaishe shi ta ja mayafi ta fita.

"Albishirinka! Ba sai ka ce goro ba, na yafe maka. Na je wurin Alhaji Sha'aban, na yi wa ɗan nan naka magana. In Allah ya yarda za a ɗauke shi, ko na wucin gadi ne a fara. Kuma ajinka zan ba shi, ya riƙe maka kafin ka miƙe."

Hannun hagu na Malam Khalilu, wanda shi kaɗai ya rage masa, ya lalubo wuyan hannun hedimasta ya damƙe. Harshensa ya yi nauyi, kalmomin na fitowa ɗaya bayan ɗaya, amma a fili suke.

"Kada ka yi."

"Kada in yi me?"

"Kada ka sa shi aji." Ya huta. "Naziru."

Hedimasta ya dube shi da kyau. Tun da aka ba shi shugabancin makarantar, mutumin nan bai sake kiran sunansa gatsau ba.

"Ban taɓa son aikin nan ba. Ko rana ɗaya."

Malam Naziru ya yi 'yar dariya. "Haba Malam, ciwo ne ke magana. Wa ke son aikin da sai wata ya yi nisa ake ganin albashi? Ni ma..."

"Ba albashi ba ne. Ko ninka shi aka yi." Ya haɗiye yawu da ƙyar. "Kai in ka shiga aji, ƙaruwa kake yi. Ina kallonka. Ka fito kana walwala. Ni in na shiga... idanun nan duka a kaina... surutun nan... kamar ana tatsar jinina. Kullum da safe, in na hango tutar makaranta, sai in ji kamar in juya gida. Kullum, Naziru."

"To me ya hana ka faɗa? Shekara da shekaru muna tafiya tare muna dawowa tare!"

"In ce me? Mutum ya sami aikin gwamnati a garin nan, ya ce ba ya so? Ai sai a ce na butulce wa Allah." Hawaye ya gangaro daga idon da ke aiki ya shige cikin kunnensa. "Yaran ba su da laifi. Aikin ma ba shi da laifi. Ni ne ba nasa ba. Yaron nan kuma irina ne. Da ya je gwajin koyarwa, ka ga yadda ya dawo? Kai ka ce zazzaɓi ne. Ni na san abin. Ka bar shi da fartanyarsa. A gona yana numfashi."

Bai ambaci sunan ɗan ba, don ɗan fari ne. Ya ƙara matse hannun.

"Amana na ba ka."

"Na karɓa," in ji Malam Naziru. "In sha Allahu na karɓa. Kwanta ka huta."

Ya yi masa sallama ya fito. A gida ya sami matarsa Asama'u tana tsince rama a faifai, ya zauna a kan turmi ya kwashe labarin ya faɗa mata, yana jira ta riƙe baki. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ai kai kaɗai ne ba ka sani ba a gidajen nan biyu. Larai ta ce duk ranar Lahadi da yamma, yadda aka kai masa tuwo haka ake fito da shi. Ranar Juma'a kuwa in an tashi makaranta, har ƙari yake nema."

"Kuma ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Malam, yaushe ka yi shiru da za a faɗa maka?"

Ya yi niyyar komawa ofishin ilimi, Allah ya sani ya yi. Amma da wane ido zai kalli Alhaji Sha'aban? Jiya ka zo kana roƙo kamar za ka durƙusa, yau ka dawo ka ce a fasa, kuma in an tambaye ka dalili ka ce yaron ba zai ji daɗin aikin ba? Ai sai a yi masa dariya har bakin titi. Sau ɗaya ya kira shi a waya, suka gaisa, suka yi maganar ruwan bana da tsadar taki, ya kashe bai faɗa ba. Daga baya ya lallashi kansa da cewa "zan duba" ta ofis ai ba ta haihuwa, mutane nawa aka ce wa haka suka tsufa suna jira? Maganar za ta mutu da kanta. Can ƙasan zuciyarsa kuma, gaskiya, bai gama yarda ba. Ya kasa gane yadda mutum zai tsaya gaban yara suna amsa masa da murya ɗaya, ya ji wani abu ban da daɗi.

Kullum da yamma yana shiga dubiya. Malam Khalilu bai sake ta da zancen ba, sai dai ya bi shi da ido. Shi kuma ya cika ɗakin da labarin makaranta, wanda yanzu ya san mai ɗakin ba ya son ji, amma ba shi da wani labarin.

Ranar wata Talata da hantsi, yara na jere a fili, Malam Naziru na gabansu yana ba da waƙar motsa jiki yana tafi, sai ya hango Mudassir tsaye a bakin shingen makaranta, babu hula. Bai ƙaraso ba, bai ɗaga hannu ba, tsayawa kawai ya yi. Hedimasta ya sauke hannuwansa. Yaran suka ci gaba da waƙar su kaɗai har suka kai ƙarshenta.

Kafin azahar an kai Malam Khalilu makwancinsa. Jama'a ta taru fiye da yadda ake zato, domin rabin magidantan garin sun zauna a ajinsa. A hanyar dawowa daga makabarta kowa na faɗin alherinsa.

"Allah ya jiƙan Malam. Mutumin da bai san komai ba sai aikinsa."

"Ai a bakin allo ciwon ya same shi. Abin da yake so, a kansa ya tafi."

Malam Naziru na tafe a tsakiyarsu yana cewa amin.

Ranar sadakar uku aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida har zuwa gindin katangar hedimasta. Ana raba gumba da dabino, liman na shirin addu'a, sai ga farar mota ta kutso ta lungun da ba a saba ganin mota ba. Alhaji Sha'aban ne da mutum biyu daga ofis. Aka matsa aka ba su wuri. Bayan an yi addu'a an shafa, ya gyara zaman rigarsa ya ce yana da 'yar magana.

Ya yabi marigayi, ya ce irinsu ne gishirin aikin. Sannan ya ce, "Hedimasta ya zo ya same ni tun Malam na asibiti. Ya yi maƙwabtaka, Allah ya saka masa. To mun duba. Hannu ba zai iya mayar da wanda ya tafi ba, amma zai iya share hawaye. Ina Mudassir?"

Aka nuna shi can ƙarshen tabarma, kansa a sunkuye.

"Mun ɗauke ka. Za ka fara a matsayin wucin gadi, in an buɗe ɗaukar ma'aikata a tabbatar da kai. Kuma a nan makarantar, a ajin mahaifinka. Kyan ɗa ya gaji ubansa."

Wuri ya ɗauki kabbara. Tsofaffi suka dinga sa albarka, wani ƙanen marigayin ya rarrafo ya kama hannun Alhaji da hannu biyu yana kuka. Labari ya shiga cikin gida, aka jiyo muryoyin mata sun tashi. Liman ya ɗaga hannu ya ce a yi wa wannan alheri fatiha, a haɗa da hedimasta, maƙwabcin da ya fi ɗan'uwa.

Malam Naziru ya buɗe baki. Mutumin da bai taɓa neman kalma ya rasa ba, ranar ya nema ya rasa. Zai miƙe ne a gaban liman da dagaci da baƙi, ya mayar da kyautar da aka yi a zaman makoki? Zai ce mutumin da kuka gama yabo yanzu, ƙin aikin yake yi kamar ciwon haƙori? Ya tona asirin da mamaci ya rufe shekara talatin, kwana uku da binne shi? Hannuwan jama'a na sama. Ya ɗaga nasa shi ma, aka shafa da shi.

Da yamma, bayan an watse, ya tsaya a zaure ya aika a yi masa sallama da Larai. Tana takaba, don haka daga bayan ƙofa ta tsaya, muryarta kawai yake ji.

"Larai, akwai maganar da Malam ya bar mini. A kan yaron nan."

"Na sani. Ya faɗa mini kafin ya faɗa maka."

"To kin ga, amana ce. Gobe zan iya zuwa in sami Alhaji a keɓe, in..."

"Ka ce masa me, Malam?" Ba ta ɗaga murya ba. "Ka leƙa rumbunmu? Abin da gonar nan ke bayarwa ba ya kai mu tsakiyar rani, da albashin ake cikawa. Haƙƙinsa na aiki kuwa, kai ka fi ni sanin yadda ake jiransa. Ga 'yan matan nan. Ni na zauna da shi, na san abin da aikin nan ya yi masa, ba wanda zai ba ni labari. Ina kallo ya ci shi kaɗan-kaɗan. Yanzu kuma zan miƙa ɗana da hannuna." Ya ji tana jan hanci. "Shi ya huta. Masu rai ne da ciki. In akwai alhaki, a raba mana ni da kai."

 Ya ji tafiyarta ta koma ciki.

Saura mutum ɗaya. Washegari ya bi Mudassir gona, ya same shi a duƙe yana cire ciyawa a gindin gyaɗa da aka shuka tsakanin kunyoyin gero. Daga nesa ya ji yana ɗan rera wani abu a hankali, abin da bai taɓa jin ya yi a cikin mutane ba. Da ya ga hedimasta ya yi shiru, ya miƙe ya rusuna.

"Sannu da zuwa, Baba."

Malam Naziru ya faɗa masa duka, bai rage ba: abin da uban ya ce, da alƙawarin da shi ya ɗauka, da yadda ya yi sakaci. Ya ce in ya ce ba ya so, shi zai tsaya masa, ko garin zai zage shi.

Mudassir ya daɗe yana kallon ciyawar da ke hannunsa, yana kakkaɓe ƙasar saiwarta.

"Baba, shi marigayin me ya hana shi barin aikin?"

Bai jira amsar hedimasta ba.

"Mu ne," in ji Mudassir. Ya jefar da ciyawar a kan kunya. "Ran Litinin ne ko? Bayan sadakar bakwai?"

"Ran Litinin."

"Allah ya kai mu."

Ran Litinin Mudassir ya zo kafin kowa, cikin wankakken yadi. Malam Naziru ya kai shi har gaban aji huɗu, ya gabatar da shi, yara suka miƙe suka yi gaisuwa da ƙarfin da ya girgiza kwanon da ke sama. Hedimasta ya dubi saurayin. Ya dafa kafaɗarsa ya fita da sauri. Ranar bai zagaya azuzuwa ba kamar yadda ya saba, a ofis ya zauna. Ta bango yana jiyo hayaniyar aji huɗu tana tashi tana sauka, can ƙarƙashinta kuma wata murya siririya tana ƙoƙarin fitowa.

Aka buga ƙararrawar tashi, yara suka watse cikin gonaki, malamai suka bi bayansu. Malam Naziru ya kulle ofis, ya biyo ta baranda. A tagar aji huɗu ya tsaya.

Ajin babu kowa sai takalmin wani yaro wari ɗaya da aka manta. Mudassir na tsaye ya ba taga baya, da tsumma a hannu, yana goge allo. Allon ya riga ya fita tas, babu ko ɗigon alli. Ya kai ƙarshensa, ya tsaya, ya jingina goshinsa da shi na ɗan lokaci. Sannan ya koma ɗaya gefen, ya sake farawa daga sama.